Yadda na gyara matsalar baƙin mai a ƙaramar taraktata

Da an fara huɗa injin ya ɗauki zafi, sai jar fitilar mai ta riƙa ƙyaftawa, musamman idan taraktar na tsaye tana aiki a hankali. Na zaro sandar awo na murza man a yatsa: tsululu, ga tsaki-tsaki.

Da na duba galan ɗin da direba ke ƙarawa, API SL kawai aka rubuta, wato alamar ajin baƙin man. Harafin S na injin fetur ne. Injin gas (dizal), irin na taraktata, C yake so, kamar CH-4 ko CI-4, domin yana tara ƙunar hayaƙi da yawa, kuma irin wannan man ne ke riƙe ta kada ta daskare a hanyoyin mai.

Na sayi 15W-40 (lambar kaurin man ke nan) CI-4 mai hatimi, ba na awo daga duro ba, wanda Allah kaɗai ya san abin da aka gauraya. Na juye tsohon tun injin da ɗumi, na sauya filta, na kakkaɓe filtar iska. Fitilar ba ta sake kamawa ba.

Sabon man ya yi baƙi da wuri. Bakanike ya ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka, aikinsa yake yi."