Yadda za ka fara binciken al'adun Malesiya da Indunusiya tun kana nan Sakkwato

Ƙannena masu neman digiri na biyu da na uku, kusan duk shekara sai wani cikinku ya tare ni ya ce Malam ina son in yi bincike kan al'adun Kudu maso Gabashin Asiya amma ban san ta ina zan kama ba, kuma galibi kafin in ba shi amsa shi da kanshi ya riga ya karaya, wai babu kuɗin jirgi. To ni abin da nake gaya ma kowa shi ne rabin aikin nan gida ake yin shi, kuma ɗan Sakkwato da ya yi makarantar allo ya wuce ta zaure yana da jarin da Baturen da ke wanga bincike sai ya yi shekaru kafin ya tara shi.

Da farko rage taken. Yankin nan ƙasashe ne fiye da goma, Indunusiya kaɗai tana da harsuna sama da 700, in ka rubuta "al'adun Asiya" a furofozal sufabaiza zai mayar maka da shi kuma yana da gaskiya. Zaɓi abu guda a gari guda, kuma ya zama abin da ke da ɗan'uwa a nan gida.

Misalin da na fi so shi ne rubutu. Malayawa suna da ajaminsu, sunanshi Jawi, Jawawa kuma na tsibirin Java suna da Pegon. Haruffan Larabci ne sunka ɗauka sunka ƙara ma wasu ɗigo don sautukan da babu a Larabci, kamar pa da ga da nga da ca da nya, daidai dabarar da malamanmu sunka yi da Hausa da Fulfulde har Nana Asma'u ta rubuta waƙoƙinta. Akwai wani dutse a jihar Terengganu ta Malesiya mai rubutun Jawi na ƙarni na 14, yana cikin mafi tsufan shaidar zuwan Musulunci yankin. Amma ga inda za ka yi tuntuɓe in ba a gaya maka ba: mu rubutun Warshu munka tashi da shi, fa ɗigonta na ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama. Su kuwa irin na gabas ne, fa ɗigo ɗaya a sama, ƙaf biyu, sai ka ga kana karanta fa ɗinsu a matsayin ƙaf kalma ta ƙi fita kana ta mamaki. Kuma Jawi mafi yawa ba wasali, saɓanin ajaminmu da ke cike da wasulla, don haka sai ka san kalmar kafin idonka ya gane ta. Sati biyu na zama da shafi guda kullum bayan asuba, wallahi hannu zai faɗa.

Makarantunsu ma haka, pondok a Malesiya, pesantren a Indunusiya, littattafan da suke kira kitab kuning wato masu rawayar takarda, ka duba ciki ga Ajuruma ga Alfiyyar Ibnu Malik ga Jalalaini, waɗanda ake biyawa a zaurukan garin ga. Bambancin su Shafi'iyya ne mu Malikiyya, to fiƙihun ne zai bambanta. Wanga kaɗai ya isa digiri na uku.

In kuma zuciyarka na wajen sana'ar hannu, buɗe akwatin Inna ka ɗauko atamfa. Asalinta batik ne na Java, da Holandawa sunka mulki ƙasar sai sunka kwaikwaye shi da inji, kasuwarshi ta zo ta buɗe a Afirka ta Yamma, kamfanin Vlisco da ke Helmond a ƙasar Holan tun 1846 yake, shi ya sa har yau mata ke cewa Holan. Batik na ainihi da hannu ake zana shi, ana zuba narkakken kaki da wani ɗan abu mai baki kamar buta ƙarama da suke kira canting, inda kakin ya hau rini ba ya kamawa, kuma sunan kakin a bakinsu malam. UNESCO ta sa batik cikin gadon ɗan Adam a 2009. Kafin ka je garuruwan batik na Java, Pekalongan ko Solo ko Yogyakarta, je ka zauna da marinan gida tukuna, ka ga yadda ake haɗa baba da toka a karofi, ka rubuta sunan kowane abu yadda su ke faɗinshi, don tambayar da za ka yi ma mai batik daga nan za ta fito.

Masu sha'awar fim da wasan kwaikwayo, ku duba Mak Yong, wasan kwaikwayo na gargajiya mai rawa da waƙa na jihar Kelantan a Malesiya. Gwamnatin jihar ta hana shi a 1991 bisa dalilin addini, UNESCO ta karrama shi a 2005, sai 2019 anka sassauta da sharuɗɗa. Duk wanda ya san takaddamar masu fim da hukumar tace finafinai ta Kano da anka kafa a 2001 ya san wagga magana ba baƙuwa ba ce.

Harshe kam babu makawa, kuma kar ya ba ka tsoro. Bahasa, wato harshen Malesiya da Indunusiya, da boko ake rubuta shi, babu namiji babu mace a kalma, aikatau ba ya sauya siffa don lokaci, harafin c ɗinsu irin namu ne, ga kalmomin Larabci birjik, dunia, ilmu, kitab, waktu, sabun, Sabtu. Awa ɗaya kullum a waya, wata shida, za ka fara karanta jarida.

Sai batun kayan karatu, nan ne data za ta yi maka aikin tikitin jirgi. Shirin Endangered Archives na British Library ya ɗora hotunan rubuce-rubucen hannu daga Indunusiya kyauta, har da na Najeriya a ciki, kana iya buɗe biyu gefe da gefe. Akwai DREAMSEA, wata taskar hotunan rubuce-rubucen hannu, haɗin gwiwar jami'ar Musulunci ta Jakarta da jami'ar Hamburg, su ma kyauta. Mujallar Bijdragen ta Leiden tun 1853 take fita kuma yanzu kowa na iya sauke ta. Ka sauke da dare lokacin da netwok ke da sauƙi ka adana. Sannan ka leƙa cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu ka ga namu da idonka, mai kwatanta abu biyu dole ya san na gidansu sosai.

Lokacin tafiya in ya zo, Indunusiya na da tallafin karatu, Darmasiswa ta koyon harshe da fasaha, da KNB ta ɗaliban ƙasashe masu tasowa. Baƙon da zai yi bincike a Indunusiya sai ya nemi izini ta hukumar bincike ta ƙasar, BRIN, kar ka shiga da bizar yawon buɗe ido ka kama yi ma mutane intabiyu, suna ɗaukar abin da zafi. Ka nemi 'yan'uwanmu da sunka yi karatu a jami'o'in Malesiya, UUM ko IIUM ko Jami'ar Malaya, suna da yawa a garin ga, mutum ɗaya zai iya haɗa ka da malamin da imel goma ba za su kai ka wurinshi ba.

Abin da na fi roƙonku shi ne ladabi a fili. Za ka ga abin da a wurinmu ba a yi, wayang na inuwar 'yan tsana da tatsuniyoyinshi sunka fito daga Hindu kuma Musulmi ke yin shi dare guda cur, ka riƙe bakinka ka tambaya ka rubuta abin da mai abin ya ce, hukunci ba shi ya kai ka ba. Kira babba Pak ko Ibu a Indunusiya, Encik ko Puan a Malesiya, nemi izini kafin ka kunna rikoda ko ka ɗauki hoton littafin gadon wani, in ka gama ka aika masu kwafi. In ta WhatsApp za ka yi hirar daga nan, ka tuna Jakarta ta riga mu da awa 6, Kuala Lumpur da awa 7, don haka da ka sallame asuba ka kira, su lokacin rana ta yi tsaka.