Yadda za ka bi salsalar gidan manyan Ingila ba tare da kanka ya ɗaure ba, misali da gidan Howard

Ranar da anka naɗa Sarki Charles, 6 ga Mayu 2023, muna zaune majalisa nan Sakkwato muna kallo a waya, ga zafi kamar a gasa mutum, sai wani abokinmu yac ce wai wane ne wanga Diyuk na Norfolk da ake ta cewa shi ya shirya komi, ɗan gidan sarauniya ne ko mi? Nac ce mishi a'a, gidansu daban, gidan Howard ake ce mishi, kuma aikin gado ne a wurinsu tun 1672, su ke shirya naɗin sarki da jana'izar sarki. Yac ce to ya anka yi sunka samu. Daga nan na shiga tono, kuma wallahi kwana biyun farko ban gane komi ba, don ko ina na duba Thomas nike gani. Abin da na koya daga baya shi zan shimfiɗa maka nan, in kana son bin wanga gida ko wani irinshi.

Kafin ka taɓa waya, samu takarda babba ka ja layi ka raba ta gida uku. Gida na farko jini, wato wa ya haifi wa. Na biyu sarauta, wa ya riƙe ta daga wace shekara zuwa wace. Na uku ƙasa da gidaje. Wanga rabon shi ne kan aikin duka, don mu nan mun saba in an ce Sarkin Gobir ko Sarkin Kabi to kana da hoton inda mutum yake da jinin da ya fito, amma can abubuwan nan uku kowane hanyarshi yake bi, sai su rabu shekara tamanin su sake gamuwa. Diyuk na Norfolk ba Norfolk yake zaune ba, fadarshi na Arundel, can kudu cikin yankin Sussex, kuma ta hannun mace tas shigo gidan. Kada sunan gari ya ruɗe ka.

Sai ka san matakan sarautun, guda biyar ne daga sama zuwa ƙasa: Diyuk, Makwis, Eril, Baikawun, Baron. In za ka nema a Google rubutun Turawa za ka yi, Duke of Norfolk, Earl of Arundel, haka. Shi kuwa Sa, irin na Sa Ahmadu Bello Sardauna da Sa Abubakar na III, lambar girma ce ta mutum shi kaɗai, ba a gadonta, sai fa wani nau'i da suke ce ma baronet. Tun 1958 ma akwai baron na iya rayuwa, mai shi na mutuwa ta mutu. Saboda haka ba duk wanda kaj ji an ce ma Lod ke da salsalar da za ka bi ba. Ko Lugga da ya ci mu da yaƙi, an ba shi baron ta gado a 1928, yam mutu 1945 ba ɗa, shi ke nan sarautar ta bi shi kushewa.

Abu na gaba, cire tunanin masu zaɓen sarki daga kanka. Nan gida sarautar Sarkin Musulmi ta zaga gidan Bello da gidan Atiku da sauransu, ƙane na gadon wa, kamar yadda Sarkin Musulmi Sa'ad ya gaji yayanshi Maccido a 2006, majalisa ke zama ta duba. Can babu zama babu dubawa, takardar naɗi ta farko ita ke faɗin wanda zai gada, kuma mafi yawa cewa take yi ɗa namiji na fari wanda anka haifa ta aure, ko malami ne ko shashasha. Diyuk na 5 da anka mayar ma sarautar a 1660 yana da taɓin hankali, yana zaune Padua ta ƙasar Itali, amma tunda shi ne babba shi anka ba. Wannan ke sa aikinka ya yi sauƙi ta wani ɓangaren, in ka san 'ya'ya maza da jerin haihuwarsu kai da kanka za ka iya cewa ga mai gado.

To fara daga mai rai ka koma baya, kada ka fara daga kakan kakanni ka gangaro, nan ne mutane ke ɓata. Na yanzu Edward Fitzalan-Howard ne, Diyuk na 18, an haife shi 1956, ya gaji babanshi Miles a 2002. Sai ka ce to Miles ya gaji babanshi shi ma ko? A'a, ga tarko na farko. Diyuk na 16, Bernard, wanda ya shirya naɗin Sarauniya Elizabeth a 1953 da jana'izar Churchill a 1965, ɗiya mata huɗu ya bari babu namiji. Da yam mutu 1975 sai anka hau bishiya har zuwa Diyuk na 13, anka gangaro ta wani ɗanshi ƙarami, anka iske Miles. Amma duba abin mamaki, Bernard na da wata sarauta ta Sikotland mai suna Herries wadda mace ke iya gado, ita sai ta tafi wurin babbar ɗiyarshi Anne. Mutum ɗaya ya mutu, sarautunshi sun rabu gida biyu. Shi kuma Miles kafin nan ya riga ya gaji baron ɗaya daga uwarshi, wata daga ubanshi. Ka ga amfanin layin da nac ce ka ja.

Duk sunan da ka rubuta, sa mishi shekarar haihuwa da ta mutuwa a gefe, kada ka yi kasala kan wannan. Diyuk na 2 Thomas, na 3 Thomas, na 4 Thomas, na 5 ma Thomas. Mu ma haka muke da Muhammadu, amma mu muna da laƙabi, ka ce Maiturare, ka ce Tambari, ka ce Maccido, kowa ya gane. Su lamba suke sa wa, lambar ma ba a sakin jiki da ita, don in sarauta ta mutu anka sake ƙirƙiro ta ga wani gida, daga 1 ake sake ƙirga. Kafin Howard gidan Mowbray ne ke riƙe da Norfolk tun 1397, sun yi diyuk huɗu, na ƙarshensu yam mutu 1476 ya bar ɗiya mace ƙarama. Saboda haka in ka ga an ce Diyuk na Norfolk na 3, sai ka tambayi kanka na Mowbray ko na Howard, shekara ce za ta raba maka gardama.

Nan ne kuma za ka gane cewa mata su ne hanyar arziki a waɗannan gidaje, ko da ba su hau kujera ba. John Howard, wanda Sarki Richard na III ya naɗa diyuk a 1483, uwarshi Margaret ɗiyar gidan Mowbray ce, su kuma Mowbray jininsu ya tuƙe ga Thomas na Brotherton ɗan Sarki Edward na I. Ta nan jinin sarauta ya shigo, ta nan haƙƙin neman Norfolk ya shigo. Fadar Arundel ma haka, Diyuk na 4 ya auri Mary ɗiyar gidan FitzAlan, ɗansu Philip ya gaji kakanshi na wajen uwa, shi ya sa a 1842 sunka haɗa sunayen biyu ya zama Fitzalan-Howard. In kana zana bishiya kana tsallake matan aure, rabin labarin ka zubar. Kuma sunan gida ba hujjar jinin uba ba ne, akwai wani Hugh Smithson da ya auri magajiyar gidan Percy, a 1750 ya ajiye sunanshi ya ɗauki na Percy, daga baya ya zama Diyuk na Northumberland.

Yanzu ga wurin da na fi daɗewa, lokacin da sarauta ke ɓacewa ta dawo. In sarki ya kama ka da cin amana, majalisa ko kotu ta yanke, to ba kai kaɗai ba, sarautar da dukiyar duka ake ƙwacewa. John Howard shekara biyu kacal ya yi, anka kashe shi a yaƙin Bosworth 1485 tare da ubangidanshi Sarki Richard. Ɗanshi Thomas ya sha ɗauri a hasumiyar Landan, ya fito ya yi ta biyayya, har yaj ja rundunar Ingila ya ci Sikotland a Flodden 1513, inda sarkinsu James na IV ya faɗi, sannan a 1514 anka mayar mishi da sarautar ubanshi. Ɗan wannan, Diyuk na 3, shi ne mai labarin da ya fi tsuma ni. Mata biyu daga cikin matan Sarki Henry na VIII 'ya'yan 'yan uwanshi ne, Anne Boleyn da Catherine Howard, kuma duka biyun an fille musu kai, ɗaya 1536 ɗaya 1542. Turanci kalma guda yake da ita ga dangantakarshi da su, amma kai da Hausa rubuta daidai, shi kawun Anne ne don uwarta 'yar uwarshi ce, kuma baffan Catherine ne don ubanta ƙanenshi ne, su biyun kuwa taubasai. Ka riƙa yin haka duk inda ka ci karo da kalmomin zumuntarsu, namu sun fi nasu rarrabewa nesa ba kusa ba. Shi kanshi diyuk ɗin an yanke mishi kisa, sai sarkin ya riga shi mutuwa ranar 28 ga Janairu 1547, ya ci gaba da zama kurkuku har Sarauniya Mary ta sake shi 1553. Jikanshi Diyuk na 4 bai yi wagga sa'a ba, Sarauniya Elizabeth ta I ta sa anka sare shi 1572 kan shirin auren Mary sarauniyar Sikotland da ƙulla makirci. Daga nan shekara 88 babu Diyuk na Norfolk. A layin jini ka ci gaba da rubutu, Philip wanda ya mutu a tsare 1595, ɗanshi, jikanshi, tattaɓa-kunnenshi. A layin sarauta ka bar fili sai 1660.

Ka lura na ce jika ya gaji kaka. Ina uban? Shi ne Henry Howard mawaƙin nan da anka fi sani da Eril na Surrey, an kashe shi Janairun 1547 ubanshi na raye. Sarautar Surrey ɗin ma ba tashi ba ce, aro ce. Babban ɗa na amfani da ɗaya daga ƙananan sarautun ubanshi don girmamawa, kamar yadda magajin na yanzu ake kiranshi Eril na Arundel. Kada ka sa mishi lamba cikin jerin masu sarauta. Wata ƙaramar fitina kuma, har zuwa 1752 sabuwar shekara a Ingila 25 ga Maris take farawa, to tsohuwar takarda za ta iya rubuta wancan Janairun a matsayin 1546, ba kuskure ba ne, ƙirga ce ta da.

Ina za ka samu bayanan? Akwai kundayen nasaba da sunka daɗe suna wanga aiki, Debrett da Burke, shi Burke tun 1826 yake fitowa, tsofaffin bugu suna nan kyauta a intanet in kana da data da haƙuri. Cike suke da gajerun haruffa na Latin, wanda za ka fi gani shi ne d.s.p., ya mutu bai bar baya ba, da d.v.p., ya mutu ubanshi na raye. Naɗe-naɗe kuwa jaridar gwamnati London Gazette ke bugawa tun 1665. Rajistar coci ta baftisma da aure da binnewa ta fara 1538, ta gwamnati 1837. Ofishin tambarin gidaje na Landan, wanda Richard na III ya kafa 1484, shi ke ajiye nasabobi, kuma abin dariya Diyuk na Norfolk ne ke shugabantarshi. Shafukan da kowa ke iya shiga ya ɗora bishiyarshi, ni dai ba ni yarda da su sai na ga magana ɗaya wuri biyu da ba su kwafi juna ba. In kana nan gari ka taɓa shiga gidan tarihi na Waziri Junaidu ka san bambancin abin da ke rubuce da abin da maroƙi ke faɗi ranar suna.

Su ma suna da maroƙansu. Za ka iske an ce Howard sun fito daga Hereward, wani jarumi da ya yi tawaye ga Normawa bayan sun ci Ingila da yaƙi a 1066, sunan ne ya yi kama anka liƙa. Abin da takarda ta tabbatar shi ne wani alƙali, Sa William Howard, mutumin East Winch kusa da King's Lynn a Norfolk, wanda yam mutu 1308. Nan nawa biro ya tsaya, abin da ke sama da shi da fensir na rubuta. Rassan gefe kuma, su Eril na Carlisle da sunka gina Castle Howard a Yorkshire, da su Suffolk, da Effingham wanda ɗansu ya ja jiragen Ingila kan rundunar Sifen a 1588, kowane ka ba shi takardarshi daban ka rubuta a sama daga wane diyuk ya ɓalle, in ba haka ba takarda ɗaya ba ta ɗaukarsu, na gwada har na ƙara da bayan kalanda bai isa ba.