Yadda Ake Tunkarar Babban Kuskure a Manhajar Intanet

Idan manhajar da ka gina wa wani ɗan kasuwar Kantin Kwari ta gamu da kuskuren da ya tsayar da aikinta cak, abu na farko shi ne kada mai saye ya ga kayan cikinta. A Laravel, ɗaya daga cikin tsarukan gina manhajar intanet, ka mayar da APP_DEBUG, wato saitin da ke nuna bayanan kuskure, zuwa false (a kashe) a fayil ɗin saituna na .env kafin ka ɗora shafin a kan saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin a intanet; a Django kuwa, wani tsarin irinsa, DEBUG ake mayarwa False. Barinsa a kunne ganganci ne, domin shafin kuskuren yana tona sunayen fayiloli da layukan shirin ga duk wanda ya leƙo.

Daga nan sai ka tanadi shafin ban haƙuri, wato 500.blade.php a cikin resources/views/errors, ko 500.html a Django, ɗauke da gajeren saƙo cikin Hausa da lambar wayar shago. Kada wannan shafi ya dogara da rumbun bayanai, domin sau da yawa rumbun ne ya faɗi, kuma shafin ya mayar da lambar 500 mai nuna kuskuren saba, ba 200 mai nuna komai lafiya ba.

Cikakken bayanin kuskuren yana shiga storage/logs/laravel.log, Django kuma yana aika shi ta imel ga adireshin da ka rubuta a ADMINS, wato saitin jerin masu kula da shafin.