Kurakuran mai cewa "ko yau aka sallame ni, gobe zan samu wani aikin"

Na gaji da jin wannan bugun ƙirjin a bakin ma'aikatan masana'antu. Wanda ya ga rufe masaƙar KTL ta Kakuri a Kaduna a 2002, da yadda masaƙar UNTL ta bi bayanta a 2007, ya san mutum kan iya aiki ƙwarai, ya kuma rasa mai neman irin iyawarsa.

Babban kuskure shi ne ƙirga shekaru a matsayin gwaninta. Mutum ya yi shekara 15 a kan inji ɗaya, ya san kukansa, ya san inda zare ke tsinkewa, amma ko bel bai taɓa canjawa ba, sai dai ya kira makaniki. Ranar da aka kashe injin nan, an kashe sana'arsa. Malam, wa ya hana ka tsayawa kusa da mai gyara in ya zo? Ni dai abin da nake cewa: zauna da takarda, rubuta duk abin da ka iya, sannan ka soke wanda ba ya yiwuwa sai da injin kamfaninku. In abin da ya rage bai kai uku ba, kada ka cika baki. Koyi walda, haɗa wayar lantarki ko gyaran janareta tun albashi na shigowa.

Na biyu, kuma wannan ya fi ba ni haushi: babu shaida. Manaja a Sharaɗa ko Bompai, unguwannin masana'antu na Kano, bai san ka ba, takarda zai nema. Ma'aikatar ƙwadago ta tarayya tana gwajin sana'a, ana farawa daga mataki na 3 har zuwa na 1, kuma da hannu ake gwada ka. Sai ka ga ƙwararre yana cewa "ai aikina ne shaidata", yaron da ya koyar ya zo da satifiket ya karɓe gurbin. Haba!

Kada ka ajiye aiki don wani ya yi maka alkawarin baki. Sai takardar ɗauka ta shiga hannunka.

Kada ka fita da faɗa, sabon wurin zai tambayi tsohon.

Ka adana lambar asusunka na fansho, da ita za ka ci gaba a sabon wuri. In ka yi wata huɗu ba aiki, doka ta ba ka damar cire kashi 25 cikin ɗari na abin da ke ciki.