Yadda ake gwada alamomin sauya kamar ƙwayoyin sankarar huhu

Ƙwayoyin da ke shimfiɗe a hanyoyin iska na huhu a manne suke da juna kamar tubalin gini, kuma furotin E-kadherin ne simintin da ke riƙe su. Idan sankara ta fara shirin yaɗuwa, wasu ƙwayoyinta kan saki wannan riƙo, su miƙe su yi tsawo, su fara samar da wasu furotin, bimentin da N-kadherin, sannan su kutsa cikin jijiyoyi. Wannan sauya kama shi likitoci ke kira EMT. Masu kunna shi su ne furotin Snail da Slug da Twist da ZEB1, waɗanda ke danne CDH1, ƙwayar gadon da ke samar da E-kadherin. Bincike da dama ya nuna raguwar E-kadherin da ƙaruwar bimentin na tafiya da saurin bazuwar cutar, da kuma bijire wa magunguna irin su erlotinib da gefitinib.

Gwajin shi ne a rina naman da aka ciro daga ƙarin don ganin waɗannan furotin a madubin likita. Kafin a taɓa komai, a duba yawan naman. Idan ɗan ƙanƙani ne na allura, a fara da gwajin furotin TTF-1 da p40 don gane nau'in sankarar, a ware rabon gwajin alamomin EGFR da ALK da PD-L1. Su ne ke zaɓa wa majinyaci magani. Abin da ya rage ne na gwajin EMT.

A jefa naman cikin fomalin mai kashi 10 cikin 100 kafin awa 1 ta cika, ruwan ya ninka naman aƙalla sau 10, ya kwana tsakanin awa 6 zuwa 48. A nan aka fi yin ɓarna. Naman da bai jiƙu ba, gefensa ya ɗau launi, tsakiyarsa ta fito fayau, sai a zaci E-kadherin ya ɓace alhali fomalin ne bai ratsa ba.

Bayan an daskare shi a kakin farafin, a yanka kaurin maikiron 3 zuwa 4, a ɗora a gilashi mai riƙe nama. A cire kakin da zailin, a bi da barasa mataki-mataki har zuwa ruwa. Sai a dafa gilashin a ruwan sitiret mai pH 6 ko Tris-EDTA mai pH 9, zafi digiri 95 zuwa 100 na Salshiyos, minti 20, a bar shi ya huce a cikin ruwan. A zuba haidurojin feroksaid mai kashi 3 na minti 10, a ɗiga sinadarin kamu, wanda ke maƙale wa furotin da ake nema, bisa ma'aunin kamfaninsa, a fito da launin ƙasa-ƙasa da sinadarin DAB, a rufe da rinin hematoksilin. Kada gilashin ya bushe a tsakani, zai yi dabbare-dabbare.

Wajen karatu, inda launin ya zauna ya fi yawansa muhimmanci. E-kadherin a bangon ƙwaya ake nemansa, ya zana ta kamar saƙar zuma. Idan ya watsu a ciki, ba lafiyayye ba ne. Bimentin a cikin jikin ƙwaya yake, Snail da ZEB1 kuwa a cibiyarta. Tarkon bimentin shi ne ƙwayoyin share datti na huhu da bangon jijiyoyin jini da naman da ke kewaye da ƙari duk suna ɗaukarsa. Kada a ƙirga su, amma a gode musu: idan su ma ba su yi launi ba, gwajin ne ya lalace. Haka lafiyayyen bangon hanyar iska yake ga E-kadherin.

A ba ƙarfin launi maki 0 zuwa 3, a ninka kowane maki da kason ƙwayoyin da suka nuna shi, a tara. Jimilla ba ta wuce 300. Idan kashi 20 sun ci 3, kashi 50 sun ci 1, saura babu, an samu 110. A duba bakin ƙarin dabam da tsakiyarsa, domin a bakin ne sauyin ya fi bayyana, kuma allura kan kuskure shi.

Har yanzu babu iyakar maki guda da aka yi ittifaƙi a kai, don haka a rubuta ma'aunin da aka bi a cikin rahoto. Hasashen makomar majinyaci a kan matakin TNM, wato girman ƙarin da nisan bazuwarsa, da nau'in sankarar da ƙarfin jikinsa ake gina shi. Sakamakon EMT ƙarin haske ne, ba a canza magani saboda shi kaɗai.