Yadda Malami Zai Mayar da Darasi Intanet Idan Annoba Ta Rufe Makaranta

A ranar 11 ga Maris, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar korona a matsayin annobar da ta game duniya, kuma cikin 'yan makonni hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta ƙiyasta cewa rufe makarantu ya shafi ɗalibai sama da biliyan ɗaya da rabi a ƙasashe fiye da 190. Malamai da yawa sun wayi gari an ce su ci gaba da koyarwa ta intanet ba tare da an taɓa nuna musu yadda ake yi ba. Wannan bayani na malami ne da shugaban makaranta, domin kada irin wannan rana ta sake riskarsu babu shiri.

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne dalilin rufe makarantar. Cututtukan numfashi irin su korona suna yaɗuwa ne ta ɗigon yawu da iskar da mai ɗauke da cutar ke fitarwa yayin tari, atishawa ko magana, musamman a ɗakin da ya cika da mutane kuma iska ba ta ratsa shi. Mutum na iya ɗaukar ƙwayar cutar har zuwa kwana 14 kafin alamu su bayyana, kuma yana iya harbin wasu alhali shi kansa bai san yana ɗauke da ita ba. Saboda haka malamin da ya tara ɗalibai goma a falonsa da sunan taimako, ko ya bar su suna cunkusuwa a kan waya ɗaya a gidan wani, ya mayar da hannun agogo baya, ko da niyyarsa mai kyau ce. Idan dole sai an haɗu, misali don karɓar takardun darasi, a yi a fili ko a buɗe tagogi, a ba kowane rukuni lokacinsa, a bar tazarar aƙalla mita ɗaya tsakanin mutane, a sa takunkumin da ya rufe hanci da baki, sannan a wanke hannu da sabulu da ruwa na tsawon daƙiƙa 20. Inda babu ruwa, sinadarin tsabtace hannu mai ɗauke da barasa kashi 60 cikin ɗari ko fiye zai wadatar. Duk wanda ke zazzaɓi, tari ko sarƙewar numfashi ya zauna a gida, ya nemi shawarar ma'aikatan lafiya.

Kafin a zaɓi wata manhaja, a fara tambayar iyaye da ɗalibai abin da suke da shi. Wa ke da babbar waya, wa ke aron ta mahaifinsa sai ya dawo da dare, wa ke fama da rashin wutar caji, wa ba shi da kuɗin data? Wannan tambaya ita ce ginshiƙin aikin gaba ɗaya, kuma ita aka fi tsallakewa. A watan Agustan 2020 asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya ba da rahoton cewa aƙalla yara miliyan 463, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na 'yan makaranta a duniya, ba su samu damar bin karatu daga nesa ba. A ganina, darasin da aka tsara shi daidai da ƙarfin ɗalibin da ya fi kowa ƙarancin kayan aiki shi ne darasi mai adalci, domin mai babbar kwamfuta ba zai rasa komai ba idan aka sauƙaƙa, amma mai ƙaramar waya zai rasa komai idan aka tsananta.

Daga nan sai a raba koyarwar gida biyu. Akwai darasin kai tsaye, inda malami da ɗalibai ke haɗuwa lokaci guda ta Zoom, Google Meet ko Microsoft Teams, akwai kuma darasin da ake ajiyewa ɗalibi ya ɗauka lokacin da ya samu hali, ta Google Classroom, Moodle, ko zauren WhatsApp da Telegram. Ya fi kyau na biyun ya zama tushen karatu, na farkon kuma a keɓe shi don tambaya da amsa. Bidiyo na cin data sosai, saƙon murya na cin kaɗan, rubutu da hoton allo kuwa sun fi kowa sauƙi. Malamin lissafi zai iya warware misali a takarda da rubutu mai kauri, ya ɗauki hotonsa a wuri mai haske, ya haɗa da saƙon murya na minti uku ko huɗu yana bin matakan ɗaya bayan ɗaya. Ɗalibi zai saurara sau biyar idan bai gane ba, abin da ba ya samuwa ko a cikin aji. Kuma a tsaya a kan manhaja ɗaya ko biyu a makaranta baki ɗaya, kada kowane malami ya zo da tasa har yaro ya rasa inda zai nemi aikinsa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗauko jadawalin aji yadda yake a ɗora shi a gaban kyamara, a ce yaro ya zuba wa allon waya ido daga safe zuwa azahar. Hankali ba ya jure haka. A gutsuttsura darasi, kowane yanki ya ɗauki manufa ɗaya tak, a biyo shi da ɗan aikin da za a yi da biro da littafi. A zaman kai tsaye, a riƙa kiran ɗalibai da sunayensu, a bar su su amsa da rubutu idan muryarsu na yankewa, kuma kada a tilasta wa kowa kunna kyamara, domin wani yana jin nauyin a ga halin da gidansu ke ciki. A sa kalmar sirri a kowane zama, a kunna ɗakin jira domin malami ya tantance mai shigowa, kada kuma a wallafa adireshin zaman a shafukan sada zumunta, saboda a 2020 an sha samun baƙi suna kutsawa cikin darussa suna watsa abin da bai dace ba. Idan ɗalibai ƙanana ne, duk wata hulɗa ta bi ta zauren da iyaye ko hukumar makaranta ke gani.

Waɗanda ba su da intanet kwata-kwata ba za a yar da su ba. Lokacin annobar Ebola a 2014 da 2015, ƙasar Saliyo ta koyar da yara ta gidajen rediyo yayin da makarantu ke rufe, kuma ƙasashe da dama sun bi wannan hanya da rediyo da talabijin a zamanin korona. Malami na iya sanar da iyaye lokutan irin waɗannan shirye-shirye ta gajeren saƙon waya, ya buga takardun aiki na mako biyu a karɓa sau ɗaya, sannan ya riƙa kiran ɗalibin da aka daina jin ɗuriyarsa. Shirun yaro na kwana da kwanaki yakan nuna rashin lafiya a gida, ko rasuwa, ko an tura shi neman abin kai wa baki, kuma kiran minti biyu daga malaminsa na iya dawo da shi.

Game da jarrabawa, a rage dogaro da tambayoyin da ake iya kwafo amsarsu, a nemi ɗalibi ya bayyana da muryarsa yadda ya kai ga amsa, ko ya turo hoton aikin hannunsa, a kuma ba da wa'adi mai faɗi saboda katsewar sadarwa. Ranar da hukumomin lafiya suka ba da izinin komawa aji, kada a ɗauka cewa kowa ya koyi abin da aka tura. A fara da gwaji mai sauƙi wanda ba a ba shi maki, a gano inda kowane ɗalibi ya tsaya, a maimaita abin da ya kuɓuce masa kafin a shiga sabon babi, tagogi a buɗe, sabulu da ruwa kuma a bakin ƙofa.