Yadda Ake Ziyartar Tsofaffin Makabartu a Ƙasar Hausa

Duk wanda ya shiga tsohuwar makabarta a ƙasar Hausa shi kaɗai, abin da idonsa zai gani bai wuce tudun ƙasa da ruwan damina ya fara shafewa ba, sai fasassun tukwane da aka kafa a kan wasu kaburburan, sai kuma itatuwan aduwa da darbejiya da suka yi wa wurin inuwa. Kakanninmu ba su saba rubuta suna a kan kabari ba, domin sun ɗauki daidaita mamata a cikin ƙasa a matsayin wani ɓangare na addini, ta yadda attajiri da almajiri suke kwance kafaɗa da kafaɗa ba tare da an bambance su ba. Saboda haka tarihin irin wannan wuri yana bakin mutanen da suke kula da shi, kuma mai son ziyara ta amfane shi sai ya koyi yadda zai je gare su, da yadda zai saurare su. A ganina wannan shi ne ginshiƙin ziyarar, sauran abubuwa duk a kansa suke ginuwa.

Kafin komai, mutum ya gyara niyyarsa. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana ziyartar kaburbura da farko, daga baya kuma ya yi umarni da a ziyarce su domin suna tunatar da lahira. Wanda ya fita da wannan niyya, ya haɗa da ta yi wa mamata addu'a, to neman sanin tarihi ba zai ɓata masa ziyara ba, zai ma ƙara mata armashi, domin addu'ar da ake yi wa wanda aka san abin da ya yi wa jama'a ta fi fitowa daga zuciya. Game da ziyarar mata kuwa malamai sun yi saɓani, kuma a garuruwa da yawa ba a saba ganin mace a makabartar gari ba, don haka ya kamata mace ta tambayi malamin da ta aminta da shi, ta kuma lura da al'adar wurin da za ta je.

Sai zaɓen wuri. Ga wanda bai taɓa irin wannan tafiya ba, ina ba da shawarar ya fara da Hubbaren Shehu a Sakkwato, domin wuri ne da aka saba da baƙi, akwai kuma masu kula da shi da za su nuna wa mutum inda zai tsaya. A nan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake kwance tun da ya rasu a shekarar 1817, kuma a cikin harabar aka binne 'yarsa Nana Asma'u da wasu daga cikin Sarakunan Musulmi da suka biyo baya. Wanda ya je Hubbare bai kamata ya juya gida daga nan ba, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, a Wurno kabarinsa yake, garin da ya mayar ribaɗi, wato sansanin tsaron iyaka, ya zauna a cikinsa, shi kuma Malam Abdullahi ƙanen Shehu yana Gwandu a jihar Kebbi ta yanzu. Idan mutum ya haɗa waɗannan wurare uku a tafiya ɗaya, zai gane da ƙafarsa yadda aka raba ragamar daular Usmaniyya tsakanin gabas a hannun Bello da yamma a hannun Abdullahi, abin da ɗalibai suke haddacewa a aji ba tare da sun taɓa hango shi a ƙasa ba.

A Katsina akwai makabartar Wali Ɗan Marna, wadda ta ɗauki sunan malamin da ya rayu a ƙarni na 17, kuma a cikinta aka binne Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a watan Mayun 2010. Abin da yake jan hankalina a wannan wuri shi ne yadda fiye da shekara ɗari uku na tarihin gari suka taru a fili ɗaya, kuma har yau ana kai mamata. A Kano kuwa, gidan sarki na Nasarawa ne makwancin wasu daga cikin sarakunan da suka gabata, ciki har da Alhaji Ado Bayero da ya rasu a 2014, sai dai shiga irin wannan wuri yana buƙatar izini daga fada, ba a faɗa masa kai tsaye.

Akwai kuma wurare biyu da nake ganin duk mai kishin tarihin Arewa ya kamata ya daure ya taka, ko da yake sun fi wahalar zuwa. Na farko shi ne Burmi, kusa da Bajoga a jihar Gombe, inda sojojin Ingila suka cim ma Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a kan hanyarsa ta hijira zuwa gabas, aka gwabza a ranar 27 ga Yulin 1903, ya yi shahada tare da jama'a masu yawa. A fagen nan akwai kabarinsa, akwai kuma na Manjo Marsh, hafsan Turawa da ya mutu a wannan yaƙi. Na biyu shi ne Lakwaja, inda Turawan mulkin mallaka suka riƙa kai sarakunan da suka tuɓe. Sarkin Kano Alu Babba a can ya rasu a 1926, haka nan Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi a 1924, kuma a garin akwai makabartar Turawa da duwatsu masu ɗauke da sunaye da shekaru. Tsayawa a kan kabarin sarkin da ya mutu nesa da garinsa da iyalinsa, sannan a taka zuwa inda waɗanda suka kawo shi suke kwance su ma nesa da nasu, yana sa mutum wani irin tunani da karatu kaɗai ba ya sawa.

Lokacin tafiya yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Da damina ciyawa takan rufe tsofaffin makabartu har ta kai ƙugu, macizai da kunamu sukan samu mafaka, ƙasa kuma takan yi laushi ta yadda kabarin da ya daɗe yana iya ruftawa da wanda ya taka gefensa. Daga ƙarshen kaka zuwa tsakiyar hunturu ya fi dacewa, sa'ad da ciyawa ta bushe ko aka share ta, zafi kuma bai tsananta ba. A cikin yini, a je da hantsi ko bayan la'asar, a kuma fito kafin almuru. Ba don tsoron wani abu na ɓoye nake faɗin haka ba, sai don baƙon da aka gani a makabarta da duhu zargi ne zai hau kansa.

Wannan zargi kuwa yana da tushe, kuma shi ya sa neman izini ya zama wajibi. Jama'a sun sha jin labarin miyagun da suke tone kaburbura domin tsafi, don haka fuskar da ba a sani ba, tana zagaya kaburbura da waya a hannu, ba za ta samu kyakkyawar fassara ba. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a fara zuwa wurin mai unguwa ko limamin masallacin da ke kusa, a gaisa yadda ya kamata, a faɗi suna da garin da aka fito da abin da ya kawo mutum, sannan a roƙi a haɗa shi da mai gadin makabarta ko ɗaya daga cikin dattawan da suke haƙa kabari. Idan an ce kada a ɗauki hoto, to a mayar da waya aljihu ba tare da gardama ba.

A bakin ƙofa sai a yi sallamar da aka koyar: Assalamu alaikum ahlad-diyari minal mu'minina wal muslimina, wa inna in sha Allahu bikum lahiƙuna, nas'alullaha lana wa lakumul afiya. Daga nan a bi sawun ɗan jagora, a taka inda ya taka, domin shi ya san inda hanya take da inda kabarin da ya shafe yake. Ba a zama a kan kabari, ba a taka shi da gangan, ba a kuma yin salla ana fuskantarsa, kuma wasu malamai sun so a cire takalmi idan za a ratsa tsakanin kaburbura, matuƙar babu ƙaya ko zafin ƙasa mai cutarwa. Roƙo kuwa Allah ake roƙa, a nema wa mamaci gafara da rahama. Kada a ɗebi ƙasar kabari, kada kuma a gusar da kaskon tukunya ko dutsen da aka ajiye, domin sau da yawa shi kaɗai ne alamar da wani iyali yake gane kabarin mahaifinsa da ita.

Yanzu sai a zo kan sauraro, wanda na ce shi ne ginshiƙi. Tsohon da ya shekara talatin ko arba'in yana haƙa kabari ba a yi masa tambayoyi kamar ana cike takarda. A kira shi Baba ko Malam, a zauna tare da shi a inuwa idan ya zauna, a bar shi ya fara da abin da ya ga dama. Tambayoyin da suka fi buɗe bakinsa su ne na wuri: wane ɓangare ne ya fi tsufa, ina makabartar ta tsaya a da kafin gidaje su matso, wane gida ne yake binne mutanensa a ƙarƙashin waccan bishiya, a wace shekara aka fi kawo gawa kuma me ya faru a shekarar. Daga irin wannan hira ake jin labarin annobar sanƙarau ko kwalara da ta ratsa gari, da yunwar da ba a rubuta ta a ko'ina ba, da malaman da sunansu ya ɓace sai a bakin mutum ɗaya ko biyu. Ba duk abin da aka ji ba ne zai dace da abin da masana tarihi suka tabbatar, domin labarin baka yakan haɗa sarakuna biyu ya mai da su ɗaya, amma ba a gaban mai ba da labari ake yi masa gyara ba. A riƙe yadda ya faɗa, a rubuta da zarar an fito tun kafin a manta, sannan a gwada da abin da ke cikin littattafai idan an koma gida.

Kafin a yi ban kwana, a tuna cewa yawancin waɗannan bayin Allah ba su da wani albashin kirki, da yawansu ma don Allah suke yi. A ba su abin da ya sawwaƙa cikin sirri da girmamawa, a kuma tambaye su abin da makabartar take buƙata. Amsar ba ta cika wuce diga da shebur da baro ba, ko randar ruwa, ko gyaran katangar da ta faɗi har dabbobi suke shiga, ko cike inda zaizayar ƙasa ta fara cin kaburbura. Wanda ba shi da halin kuɗi yana iya tambayar ranar da matasan unguwa suke aikin gayya na share ciyawa bayan damina, ya dawo da fartanyarsa ya shiga cikinsu.